Filin Kimiyya: Alamar Rediyo da Aikin Fiɗar Ƙwaƙwalwa

 A wannan fitowa za mu duba abubuwa biyu waɗanda in mutum ya ji an haɗa su sai ya ce ina ruwan biri da gada. Na ɗaya shi ne 'yar alamar nan da ake dasawa a cikin fasfo ko katin banki, wadda na'ura ke karantawa ba tare da an jona waya ba. Na biyu kuwa aikin fiɗar ƙwaƙwalwa. To, a 'yan shekarun nan abubuwan biyu sun gamu a ɗakin tiyata, har ma a cikin ƙoƙon kan ɗan Adam.

Bari mu fara da alamar. Turawa na taƙaita sunanta da haruffa huɗu, RFID, mu kuwa a nan za mu kira ta alamar rediyo, domin da igiyar rediyo take faɗin ko ita wace ce. Duk wanda ya riƙe fasfon Nijeriya irin wanda aka fara bayarwa a 2007 ya riƙe ta a hannunsa, ko da bai sani ba. Abubuwa biyu ne a cikinta: ɗan ƙwayar lantarki da bai kai ƙwayar gero ba, wanda ke riƙe da lamba ko bayani, da kuma siririyar waya da aka naɗe kamar gammo. Abin mamakin shi ne babu batir a ciki. To, da wane ƙarfi take aiki?

Amsar tana wurin wani masani ɗan Ingila mai suna Michael Faraday, wanda ya gano a 1831 cewa idan ƙarfin maganaɗisu yana sassauyawa kusa da naɗaɗɗiyar waya, wutar lantarki za ta gudana a cikin wayar ko da ba a taɓa ta ba. Na'urar da ke karanta fasfo tana fitar da irin wannan ƙarfi mai sassauyawa, fiye da sau miliyan 13 a cikin daƙiƙa guda. Da fasfon ya matso, sai gammon wayar ya ɗebi 'yar wuta, ƙwayar ta farka, ta aika da bayaninta. Da an janye shi, shi ke nan, ta koma barci. Wato kamar madubi ne a cikin ɗaki mai duhu: ba shi da hasken kansa, amma in ka haska shi da tocila sai ya maido maka. Ku riƙe wannan misali da kyau, don shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Tunanin ya samo asali tun Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ake sa wa jiragen sama na'ura mai amsa kira don a bambance na gida da na abokan gaba. Daga baya ta ƙanƙance, ta shiga kunnen shanu da ƙarƙashin fatar karnuka da dawaki. A 1998 wani farfesa a Jami'ar Reading ta Ingila, Kevin Warwick, ya sa aka dasa masa ɗaya a hannu, ƙofofin ofishinsa suka riƙa buɗewa in ya doso. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a dasa wa mutane wata mai suna VeriChip, mai girman ƙwayar shinkafa, domin likita ya gano bayanin mara lafiyar da aka kawo a sume. Jama'a ba su karɓe ta ba, aka daina yin ta a 2010.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, saboda jita-jitar da ta yaɗu a 2020 da 2021 cewa wai ana zuba irin wannan alama a cikin allurar rigakafi don a riƙa bin sawun mutane. Duk wanda ya fahimci misalin madubi zai ga inda maganar ta karye. Alamar da ba ta da batir ba ta iya cewa uffan sai an kawo mata na'ura dab da ita, tazarar da ba ta wuce 'yan santimita ba ga irin wadda ake dasawa a jiki. Ba ta san inda take ba, balle ta gaya wa tauraron ɗan Adam. Kuma abu mai girman ƙwayar shinkafa sai da wata ƙatuwar allura ake shigar da shi, ba siririyar allurar rigakafi ba.

Yanzu sai ɗakin tiyata. Hanyar farko da alamar ta shiga can mai sauƙi ce ƙwarai. Likitan fiɗa yana amfani da auduga da ƙyallaye masu yawa don tsane jini, kuma idan suka jiƙe sai su saje da nama. A aikin ƙwaƙwalwa ma ƙanana ne sosai, wasu kamar farce. Ma'aikatan jinya suna ƙirga su kafin aiki da bayansa, amma ɗan Adam ajizi ne, a kan yi kuskure a ɗinke mutum da guda a ciki. Shi ya sa wasu asibitoci ke amfani da ƙyallen da aka ɗinka wa alamar rediyo. Kafin a rufe, sai a zagaya da wata sanda a kan mara lafiya, in akwai saura sai ta yi ƙara. Ba a daina ƙirga ba, ƙari dai aka samu.

Amma inda abin ya fi taɓa mu shi ne ciwon taruwar ruwa a kai, wanda da yawanmu mun taɓa ganin jaririn da ya kama: kai ya yi girma fiye da kima, maɗiga ta kumbura, idanu suna kallon ƙasa kamar rana za ta faɗi. Ga yadda abin yake. Ƙwaƙwalwa tana ninƙaya ne a cikin wani ruwa garai-garai wanda ke kare ta daga bugu. Jikin babban mutum yana yin kamar rabin lita na wannan ruwa a kullum, alhali abin da ke cikin kai da laka a lokaci guda bai wuce kamar mililita 150 ba. Ke nan kullum sabo na zuwa, tsoho na komawa cikin jini. Idan hanyar ta toshe, ko saboda sanƙarau, ko zubar jini, ko ƙari, ko yadda aka haifi yaro, sai ruwan ya taru ya matse ƙwaƙwalwa. Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, don haka kan ke buɗewa. Na babba kuwa ba ya buɗewa, sai ciwon kai mai tsanani da amai da dushewar gani.

Wannan ciwo tsoho ne a littattafan likitoci. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya siffanta shi a littafinsa At-Tasrif, har ya bayyana yadda ake tsagawa a fitar da ruwan. Sai dai magani mai ɗorewa bai samu ba sai a 1956, a birnin Filadelfiya na Amurka. Wani makaniki mai suna John Holter ya haifi ɗa da wannan ciwo, sai ya zauna ya ƙera ɗan bawul na roba wanda ke barin ruwa ya wuce ta hanya guda kaɗai, shi da likita Eugene Spitz suka fara amfani da shi. Har gobe dabarar ke nan: siririn tiyo daga cikin ƙwaƙwalwa, ya bi ƙarƙashin fata ta bayan kunne da wuya, ya zube ruwan galibi a cikin ciki, inda jiki ke shanye shi. A Nijeriya, Latunde Odeku ne ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan a 1962, kuma ana yin irin wannan aiki a asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Zariya.

Matsalar tiyon ita ce yakan toshe, ko ya riƙa zuƙe ruwa fiye da yadda ake so. Yaro ya tashi da ciwon kai da amai, uwa ta rasa ko zazzaɓin cizon sauro ne ko tiyo ne ya tsaya. Likita ma, a da, in yana son sanin ainihin matsin da ke cikin kai, sai ya huda ƙoƙon kai ya zura ma'auni mai waya, wayar tana leƙowa waje, mara lafiya na kwance a gado. Kuma duk wayar da ta ratsa fata ta zama ƙofa ga ƙwayoyin cuta, shi ya sa ba a barin ta sai 'yan kwanaki.

To, ga inda madubinmu ya dawo. Wasu kamfanoni biyu na Jamus, Raumedic da Miethke, sun ƙera ma'aunin matsi wanda ake dasawa gaba ɗaya a ƙarƙashin fatar kai, a ɗinke, babu abin da ke leƙowa. Ba shi da batir. Idan ana son awo, sai likita ya ɗora wani zobe a kan fatar daidai wurin, zoben ya ba shi wuta kamar yadda ake ba fasfo, shi kuma ya faɗi nauyin matsin, a gani a allo. Ana iya aunawa mutum na zaune, a sake aunawa yana kwance, a ga bambanci. A ganina wannan ya fi duk na'urorin da jaridu ke yayatawa amfani ga talaka, in da kuɗinsa zai sauko, domin yana iya hana a buɗe kan yaro a banza, ya kuma nuna wanda ke bukatar aiki da gaggawa.

Waɗanda jaridu ke yayatawa kuwa su ne masu sauraron ƙwaƙwalwar kanta. Ƙwaƙwalwa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma da 'yar wutar lantarki suke aika wa juna saƙo. Idan ka yi niyyar ɗaga hannu, wani sashe na saman kai ne ke fara kunnuwa, saƙon ya bi laka ya isa hannu. Wanda lakarsa ta tsinke, niyyar tana nan daram, hanya ce ta yanke, kamar gadar da ruwa ya cinye. A 2004 aka dasa wa wani Ba'amurke da jikinsa ya shanye, Matthew Nagle, wani ɗan faranti mai tsinkaye kusan 100, ya riƙa motsa kibiyar kwamfuta da tunani kawai. Amma da kebul a tsakiyar kansa.

Daga baya aka rabu da kebul ɗin. A watan Janairu na 2024 kamfanin Neuralink ya dasa wa Noland Arbaugh, wanda jikinsa ya shanye daga kafaɗa zuwa ƙasa tun 2016, wata na'ura mai faɗin kwabo a cikin ƙashin kansa. Tana da zare 64 waɗanda suka fi gashi siranta, ɗauke da wuraren sauraro 1,024, kuma mutum-mutumin inji ne ya soka su, don hannun likita ba zai iya ba. Ita wannan tana da batir, amma ta cikin fata ake cika shi, da dabarar Faraday. Arbaugh ya buga darar Turawa a kwamfuta ba tare da ya motsa yatsa ba. Ba a kuwa yi nisa ba, bayan 'yan makonni da yawa daga cikin zaren suka zame daga inda aka soka su, aikin na'urar ya ragu, sai da injiniyoyi suka gyara lissafin da ke fassara saƙon. Ku lura da wannan: ƙwaƙwalwa tana motsi a cikin ruwanta, ba katako ba ce da za a kafa wa ƙusa.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin Lozan ta ƙasar Suwizalan, wanda likitar fiɗa Jocelyne Bloch da masani Grégoire Courtine suka bayyana a 2023. Wani ɗan ƙasar Holan, Gert-Jan Oskam, ya yi haɗarin keke a 2011, ƙafafunsa suka shanye. Aka dasa masa na'ura biyu a ƙoƙon kai, ɗaya kuma a kan laka, ƙasa da inda ta ji rauni. In ya yi niyyar taka ƙafa, na sama su kama saƙon, su aika ta iska zuwa 'yar kwamfutar da yake ɗauke da ita, ita kuma ta umarci ta ƙasa ta motsa tsokar. An yi wa saƙon kwale-kwale ke nan a inda gada ta karye. Ya miƙe, ya yi tafiya da sanduna, har ya hau matakala.

Kada ɗalibi ya tafi gida ya ce wa kakarsa an gama da shanyewar jiki. Waɗannan biyun gwaji ne a kan mutane ƙalilan, kuma kowane buɗe kai yana da haɗarin zubar jini da shigar ƙwayar cuta. Akwai kuma tambayoyin da ba na likita kaɗai ba ne. Duk abin da ke magana ta iska, wani na iya yin kunnen ƙashi a saurara, don haka dole a kulle saƙon. Bayanin da aka ɗebo daga kan mutum, na wane ne, nasa ko na kamfani? In kuma kamfanin ya karye fa? Wannan ya taɓa faruwa. Kamfanin Second Sight na Amurka, wanda ya dasa wa makafi fiye da 300 na'urar gani a ido, ya daina yin ta a 2019, a 2020 ya sallami yawancin ma'aikatansa, masu na'urar suka shiga zullumin wanda zai gyara musu in ta lalace.

Ga iyayen da ɗansu ke da tiyo a kai, ko da ma'aunin rediyo ko babu, alamun toshewa ba su sauya ba: amai ba dalili, barcin da ya wuce kima, kuka mai tsanani, kumburin maɗiga, ko ja da kumburi a kan hanyar tiyon. In an ga haka a nufi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye. Kuma in za a ɗauki hoton kai da babbar na'urar nan mai maganaɗisu, a fara gaya wa ma'aikata cewa akwai tiyo, domin wasu bawul ɗin da maganaɗisu ake saita su daga waje, kuma na'urar tana iya juya saitin, sai an sake dubawa bayan an fito.