Wa Ya Mallaki Aikin Gayya? Daga Manhajar Kwamfuta Zuwa Irin Gero

Mai karatu, in ka shiga kasuwar Shinkafi ka tarar da mai sayar da hatsi yana latsa wayarsa ta Android a gefen buhun gero, to ka ga abubuwa biyu da suka yi tarayya a matsala guda. Wayar da geron duka aikin gayya ne, kuma duka biyun doka na shan wahala wajen faɗin mai su.

Bari mu fara da wayar. Tushen manhajar da ke tafiyar da ita shi ne Linux, wanda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma rubutawa a 1991. Bai ɓoye rubutun ba, ya bar shi a buɗe: kowa na iya karantawa, ya gyara, ya ƙara nasa, ya raba. Sharaɗin lasisin da ake kira GPL shi ne duk wanda ya gyara ya raba, to ya bar nasa gyaran a buɗe shi ma. Wannan ita ce buɗaɗɗiyar manhaja. Dubban mutane sun sa hannu a Linux, kuma a doka kowannensu na riƙe da haƙƙin mallakar layukan da ya rubuta.

A nan gizo ke saƙar. Dokar haƙƙin mallaka an gina ta ne a kan sanannen marubuci. Dokar Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana lissafa manhaja cikin ayyukan rubutu, tana kuma kare aiki har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. To, yaya za a yi da wanda ya ba da gudummawa da sunan aro, ko ya rasu, ko ya kwaso rubutun kamfanin da yake wa aiki ya zuba ba da izini ba? A 2003 kamfanin SCO ya kai IBM ƙara a Amurka bisa zargin an sa kayansa cikin Linux, shari'ar da ba ta mutu ba sai 2021. Ganin haka, a 2004 masu kula da Linux suka kafa ƙa'ida cewa duk mai kawo gyara sai ya sa sunansa a ƙasa, yana shaida cewa yana da ikon bayar da shi. Sai dai rubuta suna ba ya tabbatar da mai sunan. A 2024 aka gano cewa wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana neman yardar masu wata ƙaramar manhaja mai suna xz, sannan ya dasa mata ɓoyayyar ƙofar kutse.

Duk da haka, masu manhaja suna da kundi. Manomin Banga ko Zurmi ba shi da ko wannan.

Irin shuka shi ne buɗaɗɗen rubutu mafi tsufa a ƙasar Hausa. Manomi yakan zaɓi zangarniyar da ta fi cika ya rataye don baɗi, ya ba maƙwabci, ya musanya a kasuwa. Kowane zaɓi gyara ne ga ƙwayoyin gadon shukar, tamkar yadda mai manhaja ke gyara layi. Da haka aka samu zango da maiwa a gero, ƙaura da farafara a dawa, ɗan'ila da kanannado a wake. Babu wanda zai ce ga mutumin da ya ƙago ɗayansu.

A 2021 Nijeriya ta yi dokar kare sababbin nau'o'in shuka, wadda ke ba mai ƙirƙirar iri haƙƙi a kansa. Amma ta gindaya sharuɗɗa: irin ya zama sabo, ya bambanta da saura, tsirransa su yi kama da juna, kuma halinsa ya tabbata daga shuka zuwa shuka. Ga mai nazarin halittu, sharuɗɗa biyu na ƙarshe su ne abin dubawa. Gero shuka ce mai barbarar tsallake. A zangarniya ɗaya, sashen mace yakan riga na namiji nuna, saboda haka yawancin bununin da ke yi mata barbara iska ce ke kawo shi daga wasu tsirrai, har daga gonar maƙwabci. Sakamakon haka gonar gero ta gargajiya taro ne na 'yan'uwa mabambanta, wani dogo, wani gajere, wani mai saurin nuna, wani mai jure fari. Wannan bambancin shi ne garkuwar manomi a ƙasar da damina ba ta da alkawari. In ruwa ya ɗauke da wuri, ba duka gonar ke faɗuwa ba. Wato abin da ya sa irin ya yi amfani shi ne kuma ya hana shi cika sharaɗin doka. Wanda kuwa ya ɗebi irin nan ya tace shi a tashar bincike har ya daidaita, shi yana iya yin rajista. Ba na ganin laifin mai binciken, don aikinsa na shekaru ne, kuma manomanmu sun amfana da irin Samaru. Abin da nake gani shi ne ma'auni ya karkata.

Ba zato nake yi ba. Cibiyar IITA ta Ibadan tana ajiye da nau'o'in wake kimanin 15,000. A cikinsu aka gano wani waken Nijeriya mai jure ƙwaron da ke huda wake a rumbu. Binciken da ya faro daga gare shi ya kai masana a Jami'ar Durham ta Ingila ga wata ƙwayar gado ta wake, wadda a 1987 suka sanar cewa sun dasa ta cikin taba, ta kare ta daga tsutsa. Wani kamfanin Ingila ne ya yi rajistar mallakar wannan dabara. A littattafan kimiyya kuwa sunan waken lamba ce kawai, TVu 2027. Ko da an yi niyyar saka wa manoman da suka raine shi, wa za a kira?

Duniya ta yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi. Yarjejeniyar irin shuke-shuken abinci ta 2001 ta amince da haƙƙin manoma, amma ta bar wa kowace gwamnati aiwatarwa. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce a nemi izini kafin a ɗebi albarkatun halitta, a kuma raba amfanin. A 2024 aka ƙulla wata a Janeba, mai neman duk wanda zai yi rajistar ƙirƙira ya bayyana inda ya samo albarkatun. Wasu masana a Amurka ma sun ari dabarar masu manhaja kai tsaye: tun 2014 suke raba iri da alkawarin cewa ba mai kulle shi ko abin da aka haifar daga gare shi. Dukkan waɗannan suna buƙatar abu ɗaya, a san inda iri ya fito da hannun da ya raine shi.

Lamarin ya fi gaggawa a yankinmu. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, kuma wanda ya gudu ya bar rumbu ya bar irinsa. In ya dawo, sau da yawa na kasuwa zai shuka. Shi ya sa nake umartar ɗalibaina masu tattara iri da kada su tsaya ga ba shi lamba. Su rubuta sunan da manoma ke kiransa, da ƙauyen, da shekarar, da sunan wanda ya bayar in ya yarda, da kuma wanda shi ya gada daga gare shi. Sannan su yi kwafi biyu, ɗaya ya zo sashenmu, ɗaya ya zauna a hannun mai garin.