BORIN JINI DA FUKA A JIKIN YARA

A ƙasar Rogo da Ƙaraye, da kaka ta yi, gidajen manoma su kan cika da gyaɗa da dawa da masara, ana sussuka ana shiƙa, ƙaiƙayi yana tashi ko'ina. Ba a gama wannan ba sai hunturu ya sauka da ƙurarsa, wadda iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi. A watannin nan ne iyaye su kan ga yaro yana ta atishawa ba zazzaɓi, idanunsa suna ƙaiƙayi, ko kuwa da dare ƙirjinsa ya dinga fito kamar sarewa. Wani kuma ya ci abinci, kafin a jima jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu. Waɗannan duka tushensu ɗaya ne.

Allah ya sanya wa jikin mutum dakaru a cikin jini masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. A jikin waɗansu yara dakarun nan su kan yi kuskure, su ɗauki abin da ba ya cutarwa, kamar ƙura ko ƙwai ko gyaɗa, tamkar abokin gaba. Sai su saki wani sinadari da a ke kira histamin, shi ne ke kumbura fata, ya kawo ƙaiƙayi da majina. Wani likitan yara na birnin Biyana, Clemens von Pirquet, shi ya raɗa wa wannan hali suna alerji a 1906. Hausawa suna kiran na fata borin jini, sunan kuwa ya sa waɗansu suna zaton aikin iskoki ne ko sammu. Ba haka ba ne. Ba a ɗaukarsa daga wani, amma ya kan bi gida: in uwa ko uba suna da fuka, 'ya'yansu sun fi kusa da samu.

RARRABE SHI DA WAƊANSU CUTUTTUKA

Borin jini ya kan fito nan da nan, ya yi tudu, ya ɓace a wannan wuri kafin kwana guda, ya sake fitowa a wani. Ƙazuwa ba ta haka: tana zama a tsakanin yatsu, ta fi ƙaiƙayi da dare, tana kuma bin yaran gida ɗaya bayan ɗaya. Ƙyanda tana zuwa da zazzaɓi mai zafi da tari da jan ido. Ya wajaba a bambanta su, gama maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya kome.

Babban aikin uwa shi ne ta gano abin da jikin ɗanta ya ƙi. Ta lura da abin da ya ci, da inda ya yi wasa, da tsawon lokacin da ya wuce kafin ƙurajen su fito. In abinci ne, yawanci ba a kai awa biyu ba sai an gani. Wanda ya iya rubutu, da boko ko da ajami, ya rubuta ranar da abin da aka ci, ya kai wa malamin asibiti. Kada fa a hana yaro ƙwai da nono da kifi da wake duka a kan zato kawai, domin yunwa ta fi borin jini saurin kada yaro.

ZANCEN GYAƊA

A ƙasar da kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli su ke abincin yau da kullum, wannan zance yana da nauyi. Da can likitocin Ingila da Amurka suna cewa a nisanta jarirai da gyaɗa sai sun girma. Kuskuren wannan ra'ayi ya bayyana a 2015, sa'ad da Farfesa Gideon Lack da abokan aikinsa a Landan suka bayyana binciken da suka yi a kan jarirai 640 masu ciwon fata ko masu ƙin ƙwai. Waɗanda aka hana gyaɗa, kimanin 17 cikin 100 jikinsu ya ƙi ta da suka kai shekara 5. Waɗanda aka saba musu da ita tun suna jarirai, kimanin 3 cikin 100 kaɗai. Ashe uwar da ke dama wa ɗanta kunun gyaɗa ba ta yi kuskure ba.

Saboda haka a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, sa'an nan a fara ba shi kunun gyaɗa mai laushi da dafaffen ƙwai kaɗan-kaɗan, ana ci gaba da shayarwa. Kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa guda, don tana iya shaƙe shi. Jaririn da fatarsa ke yawan tsagewa da ƙaiƙayi, a nuna wa likita shi tukuna. Wanda kuwa ya riga ya taɓa kumbura bayan cin gyaɗa, kada a gwada shi da ita a gida ko kaɗan.

ƊAKIN KWANA DA MADAFA

Yaro mai fuka, hayaƙi ne babban maƙiyinsa: na itace, da na taba, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa. A yi girki a waje, a kwantar da shi cikin gidan sauro. A yayyafa ruwa kafin shara, a shanya katifa da tabarma a rana, a kau da kyankyasai, kaji da kyanwa kuma su kwana nesa. Ranar sussuka a ba shi wani aiki dabam. Maganin shaƙa da likita ya rubuta ba ya sa jaraba, kamar yadda a ke faɗa a kasuwa. A yi amfani da shi yadda aka umarta.

Fata mai bushewa a shafa mata man kaɗanya ko basilin bayan wanka, a yanke farce. Ido mai ƙaiƙayi a wanke shi da ruwan sanyi mai tsabta. Kada a ɗiga masa maganin da aka saya a kemis ba da izinin likita ba, don waɗansu suna hawar da ƙarfin ruwan ido har gani ya lalace.

SA'AD DA BA A JIRA

Akwai wani iri mai kisa cikin mintoci, wanda ke bin abinci, ko harbin zuma da rina, ko allurar fenisilin, ko ƙwayar Septrin. Alamunsa: leɓe da harshe su kumbura, murya ta dushe, numfashi ya yi wuya, yaro ya yi amai ko ya yi laushi ya suma. A nan Piriton ba ta isa ba, ɗura manja ko madara kuwa ɓata lokaci ne, yana ma iya shaƙe shi. Maganinsa allurar adirenalin a cinya. A kwantar da yaron a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ne ya fi damunsa a zaunar da shi, amma kada a bar shi ya miƙe ya yi tafiya. A nemi mota ko babur a nufi asibiti mafi kusa, na Rogo ko na Ƙaraye, ko da tsakar dare ne. In ya farfaɗo kada a yi gaggawar komawa gida, gama abin ya kan dawo bayan 'yan awoyi.

Bayan haka a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, domin likitan yara ya duba shi sosai. A rubuta sunan abincin ko maganin a katinsa na asibiti. A gaya wa kakanni da matan gida da maƙwabta masu ba yara abinci, da malamin firamare, da malamin tsangaya in za a kai shi karatu wani gari.