Mai Fanel, Mai Tada Kwamfureso

A masana'antun Sharada da Challawa da Bompai akwai ɗakin da ba a kai baƙo, galibi can baya, inda kwamfureso ke gurnani dare da rana. Iskar da yake matsawa ita ke hura gorar roba, ita ke buɗe bawul, ita ke motsa injinan cika kaya. Ranar da ya tsaya, kowa sai ya nemi benci. Wanda ake nema a waya a lokacin shi ne mai fanel, ma'aikacin wutar da ya laƙanci akwatin ƙarfen da ke tada moto da sarrafa gudunsa.

Wahalar aikin tana cikin daƙiƙun farko. Moto mai layi uku, in aka jona shi kai tsaye da wuta mai bolt 415, yakan zuƙi ninki 6 zuwa 8 na abin da yake ci yana gudu. Ƙaramin moto ba komai. Amma a gwada da mai kilowat 75 a kan janareta, za ka ji janaretan ya yi nishi, fitilu sun dushe, wani lokaci ya mutu murus. Maganin da aka daɗe da shi, masu aikin suna ce masa sta-delta: kontakta uku da taima ɗaya. Da fari ana haɗa kwayil ɗin moton ta yadda kowanne zai samu kusan bolt 240 kawai, wutar da ake ja ta sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku. In moto ya ɗauki gudu, taima ta mayar da shi cikakken ƙarfi. Gwani da kunne da mita yake saita taimar nan. In ta yi gaggawa wuta ta yi tsalle kamar ba a yi dabarar komai ba, in ta yi jinkiri kwayil ya sha zafi a banza.

Akwai kuma na'urar tayarwa a hankali, mai ƙara wa moto wuta kaɗan-kaɗan har ya miƙe. Tana kare bel da kan injin daga fizga, sai dai da moto ya kai gudunsa ta gama nata.

Abin da ya sauya sana'ar shi ne inbata mai sarrafa gudu. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan ne ke yanke wa moto gudunsa. Inbata tana rage juyin ko ta ƙara, gwargwadon iskar da ake buƙata. Kamfanin Atlas Copco na Suwidin ya fito da kwamfureso mai ita a cikinsa a 1994. Tsohon samfuri, ko tanki ya cika, yana ci gaba da juyi ba ya tara komai, alhali yana shan kusan rubu'in wutarsa ko fiye. Mai sayen dizal da kuɗinsa ya san zafin wannan.

Ita kuwa inbata ba ta shiri da ƙura. Da hunturu ya kama, fankarta ta toshe, ta yi zafi, ta kashe kanta. Kuma ko an yanke wuta tana riƙe da caji na mintoci, shi ya sa abin da ake fara koya wa yaron aiki shi ne ya jira, ya auna, kafin ya kai hannu. Na biyu, ya duba inda moto ke juyawa bayan kowane gyaran layi, domin waya biyu da aka musanya sun isa su juya kwamfureso da baya, mai bai zagaya ba, kan injin ya lalace nan take.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake raina obalod, ɗan abin nan da ke yanke wuta in moto ya ja fiye da kima ko layi ɗaya ya ɗauke. In ya yawaita yankewa, sai maigida ya matsa a tsallake shi da guntuwar waya, wai aiki na jira. Mai fanel na kirki yakan ƙi, ya ce Alhaji a yi haƙuri a nemo dalili, ko da za a kira wani a bar shi. Wanda ya yarda, ba a daɗewa ake jin ƙaurin banish, a ciro moton da kura a kai wa masu sake naɗa kwayil, masana'anta ta yi kwanaki a rufe.