Ko Ka Sani? Batir Guda Na Iya Tsaron Numfashin Direba Har Asuba

Idan kakar albasa ta kama, bakin babbar hanya a Galmi ba ya rabo da tireloli. Suna nan jere, wasu na jiran a gama lodi, wasu na jiran takarda, kafin su kama doguwar hanyar Abijan ko Akara ko Lome. Da dare direba ya haye ɗan gadon da ke bayan kujera, yaron mota kuma ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi. A irin wannan zango da wuya a rasa mutum guda da kowa ya san minsharinsa. Yaronsa ya fi kowa sanin tsarin abin: gurnani kamar injin niƙa, sai shiru ɗif. Ya ƙirga goma, ya ƙirga ashirin, har talatin, ƙirjin maigidan na ta fama amma ba iskar da ke shiga. Can sai ya fizgo numfashi da ƙarfi kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya juya, a sake sabon lale.

Da safe yaron ya miƙa masa shayi ya ce, "Maigida, jiya kam an sha barci." Shi kuwa ya dafe goshi ya ce, "Wane barci, yaro? Kaina kamar an kwana ana daka shi a turmi."

Gaskiyar maigidan ce. Idan mutum ya yi nisa cikin barci, naman maƙogwaro da tushen harshe da ganɗa duk sukan saki. A wurin wasu mutane, musamman masu ƙiba da kaurin wuya ko ƙaramar haɓa, sakin yakan kai ga hanyar iska ta manne kamar tiyon roba da aka taka. Iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tayar da mai barcin na ƴan daƙiƙoƙi, hanya ta buɗe, ya koma bai ma san ya farka ba. Likitoci na lissafa duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. Sau 5 zuwa 15 cikin awa guda matsala ce mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaiciya, abin da ya haura 30 kuwa ya yi tsanani. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta buga a 2019 ya ce mutane kusan miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da larurar a duniya. Tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ga direba kuwa haɗarin ya fi kusa: gyangyaɗi a kan sitiyari, da buhun albasa ɗaruruwa a bayansa.

Za a samu mai cewa a kai shi wurin wanzami a cire masa hakin wuya. Ba nan gizo ke saƙar ba, domin abin da ke rufewa ya haɗa da tushen harshe da bangon maƙogwaro, wuraren da askar wanzami ba ta da ta cewa.

Maganin da duniya ta fi dogara da shi ya fito ne daga birnin Sidni na Ostireliya. A watan Yunin 1980, a asibitin Royal Prince Alfred, wani likita mai suna Colin Sullivan ya samu majinyacin da larurar ta ci ƙarfinsa, wanda kuma ya ƙi yarda a huda masa maƙogwaro a sa bututu, abin da ake yi wa irinsa a wancan zamani. Sullivan, wanda ya daɗe yana nazarin numfashin karnuka a cikin barci, ya haɗa injin hura iska da ƴan bututu ya manna a hancin mutumin, ya riƙa ƙara ƙarfin iskar kaɗan-kaɗan. Da ya kai wani mataki sai minshari ya ɗauke, numfashi ya daidaita. Ya rage ƙarfin, toshewar ta dawo. Ya ƙara, ta sake ɓacewa. A 1981 ya buga sakamakon majinyata biyar a mujallar Lancet, kuma daga nan aka samu na'urar da ake kira CPAP.

Ta yau ba ta fi ƙaramar rediyo girma ba. A cikinta akwai ƴar fanka mai gudun tsiya, tana zuƙo iskar ɗaki ta cikin matata, ta turo ta cikin tiyo zuwa wani marufi da ake ɗaurawa a hanci ko a hanci da baki. Iskar ce ke tokare maƙogwaro daga ciki, kamar yadda iska ke riƙe tayar mota. Ƙarfin ba shi da yawa: ana auna shi da tsayin ruwan da zai iya ɗagawa, daga santimita 4 zuwa 20, kuma likita ne ke tsayar da adadin bayan an yi gwajin barci. Mutane da yawa na ɗaukar ta a matsayin injin oksijin irin na asibiti. Ba shi ba ne. Injin oksijin na tace iska ne ya ware oksijin, yana cin wat 300 ko fiye. Ita CPAP iskar Allah kawai take turawa, shi ya sa cikinta ƙarami ne.

Sai dai aikinta na kowane dare ne. Ranar da aka kwana babu ita, toshewar na dawowa. A nan ne mutumin Alela ko na wani ƙauyen Illela zai yi dariya ya ce, to ina wutar?

Tambaya ce mai nauyi, ko da yake yankin ba baƙon lantarki ba ne. A Malbaza aka ƙaddamar da babbar tashar hasken rana ta farko a Nijar a watan Nuwamban 2018, mai ƙarfin megawat 7, da rancen kuɗi daga Indiya. Amma a ƙasar baki ɗaya kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Masu mitar kamfanin lantarki na NIGELEC ma sun ga tasku a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya, wadda a lokacin take ba Nijar kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta, ta katse layi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai a Maris ɗin 2024. Ga kuma waɗanda sana'a ke raba su da gida: direban tirela, ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin Badagishiri da Ƙonni, manomin da ke kwana a garka yana gadin albasar da ya jibge a rudu.

Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar dare mutum ba ya shaƙewa. Marufin na da ƴan ramukan fitar iska, wanda ke rufe baki da hanci kuma yana da ƙaramin bawul da ke buɗewa da kansa. Abin da kan faru shi ne ya farka da jin nauyi a fuska, ya tuɓe marufin, ya ƙarasa daren da tsohon minsharinsa.

Mafita ita ce batir, kuma lissafinsa ya fi yadda ake zato sauƙi, matuƙar ba a bar rubutun jikin caja ya ruɗi mutum ba. Cajar na'urar CPAP ta ResMed AirSense 10, alal misali, an rubuta mata wat 90, amma wannan iyakar abin da za ta iya bayarwa ne. Fankar ita kaɗai, a matsakaicin ƙarfi, abin da take ci bai wuce wajen wat 10 ba, wato kwatankwacin ƙwan lantarki guda irin na zamani. A barcin awa 8 ya kama wat-awa 80 ke nan, a ce 100 don a bar rara. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 50 na ɗauke da wat-awa 600. Idan irin mai ruwan acid ne ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, saura 300, kwana uku ke nan ba tare da caji ba. Batirin babur mai amfiya-awa 7 kuwa, da wannan ma'auni, awa huɗu zai yi ya sare, tun kafin zakara ya yi cara.

Ɓarawon wutar yana gefe guda, a cikin ɗan kwanon ruwan da ke manne da na'urar. A ƙarƙashinsa akwai faranti mai ɗumama ruwa domin iskar ta ɗauki laima kada hanci ya bushe, wasu tiyon ma akwai waya mai ɗumi a jikinsu. Duk abin da ke ɗumama ruwa da lantarki hadama gare shi. Da an kunna waɗannan biyun, cin wutar na iya ninkawa sau uku ko huɗu, batirin da zai yi kwana uku ya kasa kaiwa kiran assalatu. A damina ba a ma bukatar su, iska na da laimarta. Rigimar tana cikin hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa hanci ke haɓo. Dabarar masu tafiya ita ce a zuba ruwa a kwanon a bar ɗumin a kashe: iskar da ke wucewa ta kan ruwan na ɗibar ɗan abin da ya samu, ba tare da an taɓa batir ba.

Ruwan ma akwai magana. Tataccen ruwa ake so, domin na rijiya, balle a ƙasa mai farin dutse irin ta Malbaza da ake haƙa ana yin siminti, yana barin farin ɓawo a kwanon. Wanda ya je saye ya buɗe baki ya yi bayani, kada ya ce "ruwan batir" ya yi shiru. A shagon mai caji wannan suna na iya nufin tataccen ruwa, yana kuma iya nufin acid.

Sai hanyar da wutar za ta bi. Abin da aka saba shi ne a jona inbata a batir, ta mayar da bolt 12 zuwa 220, a soka cajar na'urar, ita kuma ta sake saukar da wutar zuwa bolt 24 ko 12. An hau dutse an sauko don a tsallaka gida na gaba. Kowane juyi na cin rabonsa, inbata kaɗai na iya salwantar da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ga fankarta na kuka a kunnen mai barci. Kamfanonin na sayar da wayar da ke ɗaukar wuta kai tsaye daga batir, kuma ita ce ta fi cancanta a kashe wa kuɗi. Direban tirela zai ce ai motarsa bolt 24 gare ta, batir biyu a jere, na'urar ma 24 take so, me zai hana a murɗa waya biyu a huta? Abin da zai hana shi ne wutar mota ba ta tsayawa wuri guda: inji na tafiya tana haurawa wajen bolt 28, ga tsalle-tsallen da take yi lokacin tayarwa. Wayar kamfanin ce ke daidaita wannan, ta ResMed ma tana karɓar 12 tana karɓar 24.

Tirela mai lafiyayyun batura ba za ta ji cin dare guda ba. Amma wanda ya taɓa yin mako a layin iyaka, ko yana jiran ayarin rakiya a hanyar Burkina Faso, ya san inji kan yi kwanaki bai tashi ba. Batirin tayar da mota an yi shi ne ya ba da ƙarfi mai yawa cikin daƙiƙoƙi, ba ya son a riƙa tsotsarsa a hankali har ya yi ƙasa. Gara a ware wa na'urar nata batirin, irin na sola, ko na litiyam ga mai hali, wanda ya fi sauƙin ɗauka kuma ake iya cinye kashi 80 cikin ɗari nasa ba tare da lahani ba. Farantin sola mai wat 100 a ɗaure bisa rufin kan mota, da ƴar na'urar daidaita caji a tsakani, na iya tara wajen wat-awa 400 a wunin rana irin ta wannan yanki na Adar. Ya biya bashin jiya har da na cajin waya.

Ranar da ke ba da wutar ita ce kuma ke cin kayan. Littafin AirSense 10 ya ce a yi aiki da ita tsakanin digiri 5 da 35, alhali a watan Afrilu Ƙonni na wuce 40 da rana, cikin kan motar da aka rufe kuwa tanda ce. Batirin acid ma tsawon ransa na raguwa da kusan rabi duk lokacin da zafin wurin ajiyarsa ya ƙaru da digiri 10 a kan 25. Zafin nan ya taɓa shiga wani babban labari: a watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, ciki har da DreamStation ta farko, saboda soson rage ƙara da ke cikinsu na iya ruɓewa ya bi iska zuwa huhu, kuma zafi da laima na gaggauta ruɓewar. Duk wanda ɗan'uwa ya aiko wa ta hannu daga Turai ko Amurka, ko ya tsinta a kayan gwanjo, ya juya gindinta ya karanta suna da lamba kafin ya kai ta hanci.

Abu na ƙarshe da ake mantawa shi ne na'urar ba ta zaɓen abin da take zuƙa. Idan aka kunna maganin sauro mai hayaƙi kusa da ita, hayaƙin za ta ɗura wa mai barci har safe. Gidan sauro ya fi, a zura tiyon ta ƙarƙashinsa. Janareta ko injin mota da aka bari yana aiki kusa da wurin kwana ya fi wannan muni, domin iskar gubar da ke fita daga salansa ba ta da wari, kuma matatar ba ta tare ta. Ƙurar hunturu kam tana tarewa, shi ya sa farar matatar da a wasu ƙasashe kan yi watanni take komawa ja cikin ƴan kwanaki a hanyar Tsarnawa zuwa Tawa.

Da asuba, kafin a ɗaura igiyar tamfol, aikin yaron mota ya ƙaru da abu biyu. Ya hau sama da tsumma ya share ƙurar da ta kwanta a kan farantin sola, sannan ya ɗora mita a kan batir. Idan ta nuna bolt 12.6 ko 12.7, cike yake. Idan ta sauka zuwa 12.1, an ci rabi, sai ya leƙa ta taga ya ce, "Maigida, yau a bar ɗumin ruwan nan a kashe."