Takardar da Kan Riga Ku Shiga Ofis

Kowace shekara mukan sallami ɗalibai, ba a jimawa kuma sai wasunsu su dawo suna tambayarmu yadda ake rubuta takardar tarihin karatu da aiki, wadda aka fi sani da CV. Ita wannan takarda wakiliyarku ce. Takan riga ku shiga ofis, mai dubawa kuwa yana da tarin irinta a gabansa. Shafi ɗaya ya ishi mai neman aikin farko: suna, ranar haihuwa, ƙaramar hukuma, lambar wayar da ke aiki, makarantun da aka yi da shekarunsu, sakamakon WAEC ko NECO, sai manya biyu da za su yi muku shaida. Ku nemi izininsu tukuna.

Abin da ya fi ka da yaranmu shi ne saɓanin suna. Yaro shi ne Bitrus a takardar firamare, ya zama Peter a ta WAEC. Wani Audu ne a nan, Abdullahi a can. Wata kuma shekarar haihuwar da ke rajistarta ta NIN ta sha bamban da ta takardar haihuwa. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke tantancewa a Katsina bai san ku ba, takarda kawai ya sani. Ran tantancewa ba a gyara, sai dai a ce ku koma gefe. Saboda haka tun yanzu ku baza takardunku a kan tabarma ku gwada su harafi da harafi. In akwai saɓani, a je kotu a yi takardar rantsuwa. Ɗan Rawayau kuma ya je sakatariyar Kurfi ya karɓi takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, domin aikin gwamnati ba ya yiwuwa sai da ita.

Da yawa sukan ce, "Ai ban taɓa aiki ba, me zan rubuta?" Wanda ya riƙe lissafin shagon kawunsa shekara biyu ya yi aiki. Haka wadda ta koyar da yaran unguwa karatu, da wanda ya yi noman rani a bakin madatsar Zobe ya sayar da tumatirinsa da kansa. Ku rubuta, da wuri da shekara. Amma kada wanda bai iya kwamfuta ba ya ce ya iya, don za a iya aje masa ita nan take.

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011 garin ya ƙara buɗewa, ga shagunan buga takardu, ga makarantu masu zaman kansu. A nan aikin farko ya fi samuwa, ko da albashin bai taka kara ya karya ba. Mai son koyarwa ya sani NCE ce mafi ƙarancin shaidar da ake nema, ga kuwa Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a kusa.

Aikin 'yan sanda da makamantansa ta intanet ake cikawa, kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce a sayar da tunkiya a kawo kuɗi zai samo gurbi, ɗan damfara ne. Kwafin takardunku za ku miƙa, na ainihi kuwa ku nuna su kawai ku komo da abinku gida.