Cefane Ta Wayar Hannu: Nasiha Ga Mai Son Farawa

Tun zamanin kakanninmu ba kowa ne ke zuwa kasuwa da ƙafarsa ba a ƙasar Hausa, domin matar aure da ke cikin kulle, da tsohon da ƙarfinsa ya ja baya, da malamin da almajirai ke kewaye da shi tun daga asuba har hantsi, dukansu sun saba su ƙirga kuɗi su danƙa wa yaro ko wani amintacce, su lissafa masa abin da zai sayo, sa'an nan su zauna jiran komowarsa. Saboda haka da na ji ana ta zancen sayen kayan masarufi ta intanet kamar wani baƙon al'amari ne da bai taɓa ratsa mu ba, sai na ga ya kamata a shaida wa jama'a cewa wannan aike ne irin wanda muka gada, illa dai ɗan aiken ya sake kama, lissafin cefanen kuma ya koma cikin wayar hannu. Ladubban da iyayenmu suka kiyaye wajen aike, watau zaɓen amintacce, da bayyana bukata filla-filla, da duba kaya idan an kawo, su ne dai za su fisshe mu a nan.

Asalin abin ma saboda masu rauni aka fara shi. A shekarar 1984, a garin Gateshead na arewacin Ingila, wata dattijuwa mai shekara 72 da ake kira Jane Snowball, wadda fita ta yi mata wuya bayan ta karye a ƙugu, ta zauna gaban akwatin talabijin ɗinta da aka haɗa da layin tarho bisa dabarar wani mai ƙirƙira, Michael Aldrich, ta zaɓi ƙwai da man shafa wa burodi da hatsin karin kumallo daga kantin Tesco na garinsu, aka kawo mata har ƙofa, ta biya da tsabar kuɗi. Hukumar garin ce ta shirya wannan domin tsofaffi, tun intanet bai shiga gidajen mutane ba. Ina son mai karatu ya riƙe wannan a zuciyarsa, domin sau da yawa akan ɗauki cefanen waya a matsayin ƙawa ta masu hali, alhali kuwa mai jego, da majinyaci, da ma'aikaciyar da ba ta komowa gida sai magariba, da ɗan da ke nesa yana son ya ciyar da iyayensa a wani gari, su ne suka fi kowa cin moriyarsa.

Bayan haka 'yan kasuwa sun sha wuya kafin su gane kan sana'ar. A Amurka wani kamfani mai suna Webvan ya zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli wajen gina manyan ɗakunan ajiya da sayen motoci tun bai sami isassun masu saye ba, ya durƙushe a shekarar 2001, domin ribar kayan abinci kaɗan ce ƙwarai, ɗawainiyar kai su gida gida kuwa mai yawa. Daga irin wannan faɗuwa aka koyi darasi, har aka zauna a kan hanyoyi uku da ake bi yau. Akwai kantin da ke sa ma'aikacinsa ya zaga cikin kantin da kwando yana tsinto abin da ka zaɓa, kamar yadda Tesco ya yi suna da shi. Akwai wanda ba shi da kanti ko ɗaya sai ɗakunan ajiya da na'urori ke aiki a ciki, kamar Ocado da aka kafa a Ingila a 2000. Akwai kuma wanda shi ba ya sayar da kome, dillali ne tsakaninka da kantuna, yana tura mutum ya sayo maka, kamar Instacart da ya fara a Amurka a 2012. Annobar korona ta 2020, da ta tsare mutane a gidajensu, ita ce ta sa miliyoyin da ba su taɓa gwadawa ba suka gwada.

A Nijeriya nau'i na uku ya fi yawa. Glovo, wanda asalinsa daga Basalona ta ƙasar Sifen yake, ya shigo a 2021, a shekarar kuma aka kafa Chowdeck a Legas, dukansu suna ɗauko kaya daga kantuna da gidajen abinci a manyan birane irin su Legas da Abuja. Amma sana'ar ba ta tsira daga wahalar da ta kayar da na farko ba, don kuwa a ƙarshen 2023, shekarar da aka janye tallafin man fetur kuɗin sufuri ya hau, kamfanin Jumia ya rufe sashensa na kai abinci a ƙasashe bakwai har da Nijeriya. A garuruwanmu na arewa abin da ya fi yaɗuwa ya fi wannan sauƙi: mai kanti ko mai sayar da kayan miya ya ba da lambarsa ta WhatsApp, ka rubuta masa bukatarka, ya gaya maka kuɗi, ka tura masa ta banki, ya ba mai babur ko mai A Daidaita Sahu ya kawo. Ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a farkon 2023 ya koya wa har masu tumatir da mahauta karɓar kuɗi ta waya, wannan kuwa shi ya share wa al'amarin hanya.

Wani zai tambaya, shin ya halatta mutum ya sayi abin da idonsa bai gani ba? Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun riga sun yi bahasin wannan mas'ala tun ƙarnoni da dama, a babin sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa. Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya kawo halaccinsa a cikin Risala, tare da ƙaidin cewa ba a shardanta biyan kuɗi tun kafin karɓa sai idan kayan suna kusa ko kuwa irin waɗanda ba sa saurin sauyawa ne. Imamu Malik kuma ya yi magana a Muwaɗɗa a kan fataken da ke sayen ƙunshin tufafi bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki, ba tare da an kwance ba, inda ciniki ke tabbata idan kaya sun dace da siffar da aka faɗa. Wannan takarda ba ta da wani bambanci mai yawa da hoto da bayanin da manhaja ke nuna maka. Abin da shari'a ke gudu shi ne garari da jahiltar abin saye, saboda haka gwargwadon yadda siffa ta fito sarari, da nauyi da adadi da farashi da lokacin kawowa, gwargwadon haka ciniki ke nisantar shubuha. Idan kuma aka kawo abin da ya saɓa wa siffa ko mai aibi, haƙƙinka ne ka mayar.

Daga wannan ƙa'ida ce shawarata ta farko ta fito, watau mai farawa ya fara da kayan da siffarsu ba ta ruɗi. Buhun shinkafa mai suna da nauyi a rubuce, da katan ɗin taliya, da galan ɗin man gyaɗa, da sukari, da madarar gwangwani, da sabulu da garin wanki, waɗannan ko wa aka aika abu ɗaya zai kawo, kuma su ne masu nauyin da ɗaukarsu ke gajiyar da mutum. Amma tumatir da tattasai da attaruhu, da nama da kifi, da alayyafo, waɗannan ido da hannu da hanci ke sayensu, kuma wanda ya saba zuwa kasuwar 'Yankaba da sassafe ya san bambancin da ke tsakanin kwandon da aka sauke yau da wanda ya kwana biyu. Ni kaina na taɓa yin odar tumatir daga wani wuri, hoton da aka nuna mini ja wur mai tauri, abin da ya iso kuwa rabinsa ya riga ya saki ruwa saboda zafin rana da tsawon hanya. Ban ce kada a saya ba sam, amma a jinkirta har sai an gwada mai sayarwa da kaɗan sau biyu ko uku an ga amanarsa.

Sai batun awo, wanda nake ganin ya fi kome ruɗa sabon shiga. Mu mutanen mudu ne da tiya da kashi, mun saba da tayi da albarka da gyara bayan an sallama, kantin zamani kuwa da kilo da lita yake magana, farashinsa a yanke, ba ragi ba gyara. Hoto kuma ba ya nuna girma, ƙaramin gwangwani da babba duk ɗaya suke a fuskar waya. Don haka wajibi ne a karanta nauyin da aka rubuta a ƙarƙashin kowane kaya, kuma yana da kyau uwargida ta sa a auna mata mudun shinkafarta da na wake a sikeli sau ɗaya, ta san kilo nawa gidanta ke ci a mako, domin ta iya kwatanta farashin waya da na kasuwa bisa ilimi. Sa'an nan a dubi jimillar ƙarshe kafin a biya, saboda bayan kuɗin kaya akwai ladan kawowa, wani lokaci da ladan hidima, wasu kuma ba sa karɓar oda sai ta kai wani adadi. Wanda zai sayi abu ɗaya ko biyu hasara zai yi. Fa'ida tana ga wanda ya tara bukatar mako ko ta wata, ko maƙwabta biyu da suka haɗa oda suka raba ladan.

Akwai wata al'ada ta kantunan nan da ya kamata a sani tun da wuri, ita ce musanya. Idan abin da ka zaɓa ya ƙare, mai tsintar kaya yakan sa maka wani makamancinsa, kuma galibin manhajoji suna ba ka zaɓi ka yarda da haka, ko ka hana, ko ka ce a kira ka tukuna. Na fi son a ce a kira. Wannan ya fi zama lalura ga 'yan'uwanmu da ke zaune a Turai da Amurka, inda musanya ke iya kawo maka naman da ba yankan Musulmi ba, ko alewa mai sinadarin da aka samo daga alade, alhali kai ka zaɓi mai alamar halal.

Adireshi kuwa wata matsala ce tamu ta musamman, tun da yawancin lungunanmu ba su da suna a rubuce, gidaje ba lamba. A rubuta kwatance yadda za a yi wa baƙo, a ambaci masallaci ko makaranta ko gidan mai da ke kusa da launin ƙofa, a kafa alamar gidan a taswirar waya, a bar wayar a kunne. A zaɓi lokacin da akwai mai karɓa a gida, kuma kada a yi odar kaza ko kifi mai ƙanƙara alhali ba a da tabbacin wutar da za ta riƙe firji. Wajen biya, idan akwai damar a biya bayan kaya sun iso, ita ta fi ga mai farawa. Lambar sirrin katinka, da lambar nan da banki ke turo maka ta saƙo, ba mai kanti ko ɗan aike na gaskiya da zai tambaye ka su, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne ko da wane suna ya zo. Haka nan shafin da ke tallan buhun shinkafa a rabin kuɗinsa, ba shi da kanti sananne, yana gaggauta ka ka tura kuɗi, a nisance shi.

Idan kaya sun iso, a buɗe a gaban wanda ya kawo, a gwada da rasit, a dubi ranar lalacewa da lambar hukumar NAFDAC a jikin abin da aka sarrafa, a ɗauki hoton duk abin da ya fashe ko ya ɓaci a aika wa kantin nan take, domin ƙorafin da ya kwana yakan yi rauni. Wanda aka zalunta aka ƙi sauraronsa yana iya kai kuka ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Amma ina roƙo a tuna cewa yaron da ke tsaye a ƙofa da hular kwano, wanda ya ratso rana da ƙura da haɗarin titi, galibi ba shi ya zaɓi kayan ba, ba shi ya yanke farashi ba, ajiri ne mai neman halaliyarsa. Kada a bar shi yana jira, kada a sauke masa fushin laifin wani, a ba shi ruwa, in da hali a ƙara masa ɗan ihsani.

Abu guda da ke damuna shi ne mai kantin unguwa, wanda ya san gidanka, yake ba ka bashi ranar da albashi ya yi jinkiri, yake zuwa ta'aziyya da suna. Manhaja ba ta ba da bashi irin nasa, ba ta kuma san halin da kake ciki ba, kuma sauƙin latsawa yana jawo almubazzaranci, mutum ya cika kwando da abin da bai yi niyya ba. Ra'ayina shi ne a rubuta lissafin bukata a takarda kafin a buɗe waya, a ba intanet kaya masu nauyi da na gwangwani, a bar wa kasuwa da maƙwabci rabonsu. Kai kuma mai karatu da ke da tsohuwa ko majinyaci a wani gari, ka nemi amintaccen kanti kusa da su a wannan watan, ka gwada shi da oda ƙarama, ka kira su ka ji abin da aka kai musu.