Buhu 44 Kajina Suka Ci, Ban Sani Ba Sai Da Na Haɗa Rubutuna Da AI



A tsakiyar watan Fabrairun 2025 na zuba burola 200 a ɗakin da na gina bayan gidanmu a Dutse, da niyyar su isa sayarwa daidai ƙaramar Sallah, ƙarshen Maris. Rabi sun tafi a makon Sallah. Sauran na ce a bari su ƙara nauyi, ko farashi zai ɗaga. Sai da suka kai mako tara kafin na rabu da na ƙarshe. Kuɗi sun shigo hannu, har na yi wa iyali cefane mai kyau. Amma da na tashi zuba wasu, kuɗin 'yan tsaki da sitata suka nemi gagara ta. Wallahi na kwana uku ina tambayar kaina ina ribar ta shiga.

Abu ɗaya da ya cece ni shi ne ina rubutu. Tun da ruwa ya taɓa jiƙa mini littafin lissafi, na koma rubuta komai a manhajar ajiye bayanai ta waya. Kullum da dare layi biyu ko uku: an buɗe buhu, kaza biyu sun mutu, an ba da Gumboro, an ba da Lasota. Matsalar ita ce ban taɓa komawa na karanta ba. Rubutun kwana sittin da ɗoriya, wa ke da haƙurin tara shi?

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse shi ya ce, "Yaya, ai wannan aikin AI ne, ba naka ba." Ya karɓi wayar.

Hanya biyu ya nuna mini. Ta farko haɗi ne kai tsaye. Misali, mai rubutu a Google Keep zai iya shiga saitin Gemini ya kunna haɗin manhajojin Google, daga nan sai ya ce masa ya duba rubutun da ya sa wa suna kaza, ya tara masa abinci. Ta biyu ba ta buƙatar wani saiti: ka kwafi rubutun gaba ɗaya, ka liƙa shi a ChatGPT ko Meta AI da ke cikin WhatsApp, ka yi tambayarka. Ba zan faɗi wadda na tsaya a kai ba, kada a ce talla nake. Duk suna yin aikin, kuma rubutun da kansa ba ya cin data sosai.

Tambayar farko da na yi: buhu nawa na buɗe daga ranar farko zuwa ta ƙarshe? Amsa ta zo, 44. Da an tambaye ni da baki, da na rantse ba su wuce 36 ba.

Ku bi lissafin tare da ni, domin nan ne gizo ke saƙar. Buhu 44 sau kilo 25 ya ba da kilo 1,100 na abinci. Kaji 14 sun mutu, na sayar da 186, nauyinsu a tsakaice kilo biyu da rabi, wato kilo 465 na kaza. Ka raba 1,100 da 465, za ka ga kowane kilo ɗaya na nama ya ci mini abinci kusan kilo 2.4. Burolar da aka kula da ita bai kamata ta kai kilo biyu ba. Da na tsaya a 1.9, buhu 35 zuwa 36 sun ishe ni. Buhu takwas ke nan a iska, kuma kowa ya san kuɗin buhun finisha a yau.

Sai na ce ya raba mini abincin mako-mako. A nan na ga wautata da idona. Makonni ukun da na ƙara ina jiran farashi, kajin suna ta ci, nauyin da suke ƙarawa kuwa bai kai kuɗin cin ba. Haka burola take, idan ta wuce mako shida zuwa bakwai, abincin da take buƙata don ƙara kilo ɗaya hawa yake yi. Akwai kuma wani rubutu da ni na yi da hannuna a mako na huɗu, na manta: "abinci na zuba ƙasa sosai." Yaron da ke taya ni yana cika mazubi har baki, kaji suna watsar da shi cikin ɓuntu, ɓeraye suna biki da dare.

Mutuwar ma ta ba ni mamaki. Cikin 14, tara sun mutu ne a Afrilu, duk manya, duk tsakanin azahar da la'asar. Na ɗauka cuta ce, har na sayi magani. Ashe zafi ne. Duk wanda ya san Afrilun Jigawa ya san zafi kan haura digiri 40, ga rufin kwano, ga kaza mai nauyi da ba ta gumi, sai haki.

Kada ku ɗauka abin ba ya kuskure. Ina da tarwada 500 a tankin roba, kuma a rubutu ɗaya nake zuba komai. Buhun abincin kifin da nake saya kilo 15 ne, na kaji 25, ni kuwa "buhu 1" kawai nake rubutawa. Da farko ya haɗe su, ya ba ni adadin da ya kusa sa ni hawan jini. Wannan laifina ne. Amma akwai ranar da ya tara lambobi ya ba ni jimillar da ba daidai ba, da cikakken ƙarfin gwiwa kuwa. Tun daga nan duk lissafin da zan kashe kuɗi a kansa sai na sake buga shi a kalkuleta. Maganar magani kuma ba na wasa da ita. In na ga kashin jini ko kaza tana murɗe wuya, likitan dabbobi nake kira. Abin da rubutun ke ƙara mini shi ne ina iya gaya wa likita ranar da abin ya fara da rigakafin da aka yi.

Sai batun sirri. Haɗin kai tsaye yakan buɗe masa fiye da rubutun kiwo, har saƙonnin imel da takardun da ka ajiye. Ni sabon imel na buɗe na gona kawai. Sunan masu cin bashi, lambar wayarsu da lambar asusun banki ba sa shiga ciki.

Yanzu rubutu biyu nake da shi, na kaji daban, na kifi daban, kuma kowace rana layi ɗaya ne da lambobi, kamar haka: "Kwana 23, abinci kilo 18, ruwa lita 34, mutuwa 1 da rana, zafi sosai." Ruwan nan ku daure ku riƙa aunawa, domin sau da yawa kaza kan rage sha kafin a ga alamar ciwo a jikinta. Duk Juma'a bayan masallaci nakan kama kaji goma na ɗora a sikeli, na rubuta, sannan na tambaye shi ko cin makon ya yi daidai da nauyin.

Zubin da ya biyo baya, tun suna mako biyar na je Shuwarin na yi magana da masu saye. Mazubi rabi ake zubawa, an shimfiɗa zana a kan kwano, kuma ranar da suka cika kwana 45 babu ko ɗaya a ɗakin.